Daga Lomar Tuwo Zuwa Ƙarfin Jiki: Yadda Za Ka Gane Numfashin Ƙwayoyin Halitta da Kayan Gida

Duk ɗalibin da ya kai babbar sakandare a Katsina ko Daura ya taɓa rubuta wannan layin a littafinsa na Bayoloji: gulukos, wato sukarin da jiki ke samu daga abinci, da oksijin suna ba da kabon dayoksaid da ruwa da makamashi. A haddace, a zuba a takardar WAEC ko NECO, a wuce. Amma tambayi yaron ina oksijin ɗin yake zuwa, ko me ya haɗa wannan layin da ƙwaryar kindirmon da ake dama masa fura da ita, sai ka ji shiru. Abin yana damuna, domin darasi ne da ake iya gani da ido, a taɓa da hannu, har a shaƙi ƙanshinsa, da wake da yis da gorar ruwa. Wannan jagorar ta ɗalibi ce, da malamin da ba shi da ɗakin gwaji, da iyayen da ke son taya yaransu karatu a gida.

Mataki na farko: raba numfashi biyu

Akwai numfashin da kowa ya sani, shigar iska huhu da fitarta. Wannan jigila ce kawai. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuma kusan kashi 16. Kabon dayoksaid yana shiga da kashi 0.04, ya fito da kusan kashi 4. To ina sauran oksijin ya tsaya, kuma daga ina ƙarin kabon dayoksaid ya fito? Amsar tana cikin numfashi na biyu, wanda ke gudana a cikin kowace ƙwayar halitta, inda ake farfasa abinci don a ciro makamashin da ke cikinsa. Gero ba shi da huhu, yis ma ba shi da shi, amma duk suna wannan numfashin na ciki, dare da rana.

Ƙwaya ba ta iya amfani da makamashin gulukos kai tsaye. Sai ta juye shi cikin wani ƙaramin sinadari mai suna ATP, shi ne tsoka ke kashewa idan za ta motsa, shi ne ƙwaƙwalwa ke kashewa idan kana tunani. Jiki ba ya tara ATP da yawa. Ana yin sa ana kashe shi nan take, har a yini guda mutum yakan sarrafa ATP da ya kai kusan nauyin jikinsa. Duk abin da zai biyo baya labarin yadda ake samar da shi ne.

Mataki na biyu: bi lomar tuwo har cikin ƙwaya

Tuwon gero ko na dawa mafi yawansa sitaci ne, wato gulukos da aka ƙulla jere-jere. Tun daga baki yawu yake fara yanka shi, ƙaramin hanji ya ƙarasa, gulukos ya shiga jini, jini ya kai shi ga ƙwayoyi. Kowane gulukos yana da kabon shida. Riƙe wannan lissafin da kyau, domin da shi za ka gane inda komai ya tafi.

A cikin ruwan ƙwaya ake fara aiki, a zangon da ake kira gilaikolisis. Matakai goma ne, kowanne da inzayim ɗinsa, wato furotin da ke hanzarta aikin, amma abin da kake buƙata shi ne sakamakon: an raba gulukos gida biyu, kowane rabi mai kabon uku, sunansa fairubet. Ƙwaya ta kashe ATP 2 don tayar da aikin, ta samu 4, ribarta 2. Babu ruwan wannan zangon da oksijin ko kaɗan.

Nan ne kuma za ka haɗu da wanda ya fi kowa muhimmanci a labarin, sinadarin NAD. Ɗauke shi tamkar ɗan dako a kasuwa. Duk lokacin da aka farfasa abinci ana zare haidirojin da ilektiron daga jikinsa, NAD ne ke ɗaukar kayan, ya koma NADH. 'Yan dakon nan ba su da yawa a cikin ƙwaya. Idan duk suka ɗauki kaya kuma babu inda za su sauke, babu mai ɗaukar na gaba, aiki ya tsaya cak. Wanda ya gane wannan ya gama gane darasin, domin bambancin numfashi mai oksijin da tsimuwa, wato ciro makamashi ba tare da oksijin ba, bai wuce tambaya ɗaya ba: ina ɗan dako zai sauke kayansa?

Mataki na uku: gwajin wake

Kafin mu shiga ciki sosai, bari ido ya gani. Nemi wake kofi biyu, kwalabe biyu masu faɗin baki da murfi, tsumma, da ashana. Jiƙa waken duka ya kwana. Da safe ka raba shi biyu: rabi ka tafasa shi minti goma ya mutu, rabi ka shimfiɗa shi cikin jiƙaƙƙen tsumma har ya fara tsiro. Dafaffen kuma ka ɗauraye shi da ruwan da aka ɗiga wa bilic kaɗan. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba bakteriya za su hau shi su yi nasu numfashin, su ɓata maka sakamako. Zuba kowanne a kwalbarsa zuwa rabi, ka rufe da kyau, ka bar su su kwana.

Washegari ka kunna ashana, ka buɗe kwalbar dafaffen wake a hankali ka zura ta ciki. Za ta ci gaba da ci na ɗan lokaci. Ka kunna wata ka zura cikin ta mai tsiro: nan take za ta mutu. Waken mai rai ya shanye oksijin ya cika kwalbar da kabon dayoksaid. Idan makarantarku tana da ruwan kalsiyam haidiroksaid, ku tura iskar kwalbar cikinsa, zai yi fari kamar an ɗiga madara. Ita ce shaidar da masu jarabawa suke so a rubuta.

Wanda ke da filas ɗin shayi guda biyu da ma'aunin zafi zai iya ƙara gaba. A zuba wake mai tsiro a ɗaya, dafaffe da ya huce a ɗaya, a toshe bakin da auduga maimakon murfi don iska ta riƙa shiga, a soka ma'aunin har cikin waken. A riƙa rubuta zafin safe da yamma kwana biyu zuwa uku. Na mai tsiro zai hau, ɗayan ya tsaya inda yake. Dalili kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku kacal na makamashin gulukos ke shiga ATP, sauran yana fita a matsayin zafi. Wannan zafin ne ke riƙe jikinmu a digiri 37 ko da hunturu ya tsananta. Tun wajen 1780 Antoine Lavoisier na Faransa ya auna zafin da wata 'yar dabba ke fitarwa ta hanyar ƙanƙarar da ta narkar, ya nuna cewa numfashi wani irin ƙuna ne da ke tafiya a hankali.

Mataki na huɗu: cikin mitokondiriya

Idan akwai oksijin, fairubet yana shiga wani ƙaramin sashe na ƙwaya mai suna mitokondiriya, mai fata biyu, ta waje da ta ciki mai ninki-ninki. Da shigarsa ake cire masa kabon ɗaya, ya fita a matsayin kabon dayoksaid. Ragowar mai kabon biyu, asetil-CoA, ta shiga wani jerin matakai da ake kira zagayen Krebs, inda su ma kabon biyun suke ficewa. Yanzu yi lissafi: fairubet biyu, kowanne ya ba da kabon dayoksaid uku, shida ke nan. Gulukos ya ƙare ƙarƙaf. Ka lura cewa iskar da kake fitarwa daga tuwonka kabon ɗinta ya fito. Hans Krebs ne ya gano wannan zagayen a 1937 a Sheffield ta Ingila, aka ba shi kyautar Nobel a 1953.

Abin mamaki, duk wannan zagayen ATP 2 kawai ya ƙara. Ainihin dukiyar tana kan 'yan dako: NADH 10 daga farkon tafiya zuwa nan, da wani ɗan'uwansu FADH2 guda 2. Su ne ke kai kayansu fatar ciki, inda wasu furotin ke jere suna miƙa wa juna ilektiron. Duk miƙawa tana sakin ɗan makamashi, da shi ake tura haidirojin zuwa ɗaya gefen fatar har ya taru da yawa. Da ya taru sai ya nemi hanyar komawa, kuma hanyar ɗaya ce, ta cikin wani inzayim mai suna ATP sintes. Wannan inzayim juyawa yake yi a zahiri, yana juyawa yana ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayanin a 1961, masana suka daɗe suna jayayya da shi, daga baya ya karɓi Nobel a 1978. Paul Boyer da John Walker kuma, waɗanda suka bayyana yadda inzayim ɗin ke aiki, nasu ya zo a 1997.

To ina oksijin? Yana can ƙarshen layi. Shi ke karɓar ilektiron da suka gama tafiya, ya haɗu da haidirojin, ya zama ruwa. Aikinsa ke nan, amma idan babu shi layin ya cushe tun daga ƙarshe har farko, NADH ba su da wurin saukewa, zagayen Krebs ya tsaya. Shi ya sa mutum zai iya yini bai ci ba, amma 'yan mintoci kaɗan ba iska sun isa su lalata ƙwaƙwalwa.

Jimillar ATP daga gulukos ɗaya, bisa ma'aunin masana na yanzu, 30 zuwa 32 ne. Tsofaffin littattafai suna cewa 36 ko 38. Shawarata ga ɗalibi: a jarabawa ka rubuta abin da littafin manhajarku ya ce, amma ka san cewa sabon lissafi ya yi ƙasa da haka.

Ba gulukos kaɗai ke bin wannan hanyar ba. Mai azumi yakan fara da gulukos ɗin da hanta ta ajiye a matsayin gilaikojin, idan ya yi ƙasa jiki ya ƙara dogara ga kitse, a yanka shi zuwa asetil-CoA ya shiga zagayen Krebs ɗin nan.

Mataki na biyar: gwajin yis da balan-balan

Yanzu mu cire oksijin mu ga abin da zai faru. Ka tanadi gorunan ruwa na roba guda huɗu masu girma ɗaya, balan-balan huɗu, yis irin na masu fanke, da sukari. Kowace gora a zuba mata ruwa zuwa rabi. Ta farko: ruwa mai ɗumi wanda yatsa zai iya zama a ciki ba ƙuna, sukari babban cokali biyu, yis ƙaramin cokali biyu. Ta biyu: ruwan ɗumi da yis, ba sukari. Ta uku: sukari da yis, amma ruwan randa mai sanyi sosai ko na firji. Ta huɗu: a fara zuba wa yis ɗin tafasasshen ruwa a kofi, a bari ya huce, sannan a juye a gorar da sukari. A girgiza kowace, a ɗaura balan-balan a baki, a ɗaure da zare ko roba, a ajiye a inuwa.

Cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya gora ta farko za ta yi kumfa, balan-balan ɗinta ya miƙe. Ta uku tana biye amma da jinkiri, wanda duk mai tuyar fanke ta sani: ƙullu ba ya tashi da wuri a watan Janairu, a bazara kuwa kafin ka juya ya cika roba. Ta biyu da ta huɗu ba za su yi komai a zo a gani ba, ɗaya babu abinci, ɗaya kuma zafi ya kashe yis ya lalata inzayim ɗinsa. Waɗannan biyun su ne ke sa gwajin ya zama hujja, don haka kada a ce a rage kashe kuɗi a bar su.

Akwai wani abin lura da ba kasafai ake faɗa a aji ba. A numfashi mai oksijin, kowane oksijin shida da aka shanye ana mayar da kabon dayoksaid shida, don haka yawan iska ba ya ƙaruwa. Kumburin balan-balan shaida ce cewa ana fitar da iska ba tare da an shanye wata ba, wato tsimuwa ake yi. Cire balan-balan ɗin ka shinshina gorar, za ka ji wani ƙanshi mai ɗan kaifi, na etanol ne, sinadarin da ke cikin barasa. Gwaji ne, ba abin sha ba, a zubar da shi.

Abin da ya faru a ciki shi ne: yis ya raba sukari, ya yi gilaikolisis ya samu ATP 2. NADH sun cika, babu layin mitokondiriya da zai karɓa. Sai yis ya cire kabon ɗaya daga fairubet, shi ne iskar da ta cika balan-balan, ya sauke kayan NADH a kan ragowar, ta zama etanol. 'Yan dako sun samu sauƙi, sun koma aiki, gilaikolisis ya ci gaba. Wannan matakin na ƙarshe ba ya ƙara ATP ko ɗaya, amfaninsa kawai ya dawo da NAD. Kusan duk makamashin gulukos yana nan daskare cikin etanol, shi ya sa yake kama wuta. A burodi iskar ce ke huda ƙullun ta yi masa ramuka, etanol ɗin kuma mafi yawansa yana tashi da zafin gashi.

Louis Pasteur ne, daga 1857, ya tabbatar cewa ƙananan halittu masu rai ke haddasa tsimuwa. A 1897 Eduard Buchner na Jamus ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya nuna cewa ruwan kaɗai, ba ƙwaya mai rai a ciki, yana tsima sukari. Daga nan aka gane inzayim ne ke aikin.

Mataki na shida: kindirmo, koko da tsokar ɗan wasa

Tsimuwa ta biyu ita ce ta fi kusa da mu. A nan ba a cire kabon. Kai tsaye ake sauke kayan NADH a kan fairubet, ya zama laktik asid. Babu kumfa mai yawa, sai tsami.

Ka dafa madarar shanu kofi biyu, ka bari ta huce zuwa ɗumi. Raba ta biyu, ɗaya ka sa mata cokali guda na kindirmon jiya, ɗaya ka bar ta haka, ka rufe su duka su kwana a wuri mai ɗumi. Da safe wadda aka sa wa kindirmo ta kama ta yi kauri da ɗanɗano mai daɗi. Bakteriya irin su Lactobacillus da Lactococcus sun ci sukarin madara sun fitar da asid, asid ɗin ya sa furotin ɗin madarar ya dunƙule. Tsamin nan kuma kariya ce, domin yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jure shi. Matan Fulani da ke shigowa gari da ƙore a ka sun gaji wannan sanin tun kafin a ƙera madubin ganin bakteriya: dafa madara, sa tsohon nono, rufe ƙwarya, duk matakai ne da ilimin kimiyya ya zo ya tarar daidai suke. Haka tsamin gasarar koko, da na kunun zaƙi, da na ƙullun waina da aka bari ya kwana. A waina bakteriya da yis tare suke aiki, shi ya sa take da tsami kuma take tashi.

Daddawa kuwa a ware ta gefe. Bakteriyar da ke mayar da kalwa daddawa, Bacillus subtilis, tana son iska, kuma furotin take farfasawa, tana fitar da amoniya. Shi ya sa warinta daban, kuma ba ta da tsami irin na nono.

Jikinmu ma yana wannan tsimuwar ta laktik. Ɗan ƙwallon da ya zura da gudu a filin wasa na Muhammadu Dikko, ko ɗan damben da ke tsakiyar turmi, tsokarsa tana kashe ATP fiye da yadda mitokondiriya za su iya biya, sai gilaikolisis ya ƙara sauri, laktet, wato laktik asid ɗin da ke cikin jiki, ya taru. Bayan ya tsaya yana haki, jini ya kwashe laktet ɗin, wani zuciya da tsoka su ƙone shi, wani hanta ta mayar da shi gulukos. Cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka ya wanke. Don haka ciwon jikin da ake ji washegari ko bayan kwana biyu ba na laktik asid ba ne, ƙananan raunuka ne a zaren tsoka. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da mitokondiriya kwata-kwata, da wannan hanyar kaɗai suke rayuwa, duk da su ne masu ɗaukar oksijin.

Inda wannan sanin ke tsare dukiya da rai

Manomin da ya zuba gero ko masara a rumbu bai bushe ba, bayan kwanaki zai sa hannu ya ji zafi. Gwajin filas ɗin nan ne: hatsin da funfunar da ke kansa suna numfashi, suna cin abincin da aka tara, suna ƙara fitar da ruwa. Shanya mai kyau ce maganinsa. Buhun ajiyar wake mai rufi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, gwajin kwalba ne: ƙwari suna shanye oksijin ɗin ciki su mutu ba tare da an sa magani ba. Saboda haka huda ɗaya ko yawan buɗewa yana rushe aikin duka. Masu noman rani a Ajiwa ko Jibiya su ma su lura cewa saiwa tana buƙatar iskar da ke cikin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta wa tumatir ko albasa kwana da kwanaki, saiwar ta koma tsimuwa, ATP 2 ba ya riƙe ta, shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa.

Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da ke sakin sayanaid, gubar da ke toshe furotin na ƙarshe a layin mitokondiriya, wanda ke miƙa wa oksijin ilektiron. Ɓarewa da jiƙawa da tsimawa da soyawa, kamar yadda ake yi wa garin rogo, su ke rage ta, don haka kada a bar yara su ci ɗanyensa.

Mafi haɗari a garuruwanmu shi ne gawayi da janareta. Da sanyi mutane kan shigar da kasko ɗaki su rufe ƙofa da taga, wasu su kunna janareta a zaure ko kusa da tagar ɗakin kwana. Dukansu suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Tana manne wa himogulobin, furotin ɗin jini mai ɗaukar oksijin, fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya kasa kai oksijin ga ƙwayoyi. Alamun farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba zai ji komai ba. Janareta a waje yake zama, nesa da taga. Kasko kuma a fitar da shi kafin a kwanta. Idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai ko wani ya suma, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da su fili nan take, a garzaya da su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.